Yadda Ake Gano Abin da Ke Kashe Tsohon Babur, Daga Murfin Tanki Zuwa Kafireta

Idan tsohon babur ya fara mutuwa a hanya, kafireta, wato na'urar da ke haɗa mai da iska kafin su shiga inji, ita ce hannun kowa ke fara kaiwa gare ta. A kwance ta, a wanke, a murɗa wannan sukuru a murɗa wancan, a mayar. Wani lokaci a dace. Sau da yawa kuma sai a ƙara wa babur ɗin ciwo na biyu a kan na farko, domin an ɓata saitin da dama lafiyarsa ƙalau.

Na taɓa yin wata guda ina fama da wani babur nawa. Bugu ɗaya yake tashi, ya yi tafiya lafiya lau kamar ta minti goma, sai ya fara shaƙewa, ya yi tari biyu uku, ya mutu. In na tsaya gefen titi na ɗan jima, sai ya sake tashi kamar ba shi ba. Sau uku aka wanke kafireta, aka canza fulogi har biyu. Ashe ɗan ramin shan iska da ke jikin murfin tanki ne datti ya toshe. Tun daga ranar na daina fara bincike daga tsakiya. Mai daga sama yake gangarowa, don haka daga sama ake bin sa, gaɓa bayan gaɓa. Abu ɗaya kuma ake taɓawa a lokaci guda, a gwada, sannan a wuce gaba.

Bayanin nan na babur mai kafireta ne, ba na zamani mai injekta ba. Ka tanadi sukundireba mai faɗin baki da mai kan tauraro, sifanar fulogi, sifana lamba 8 da 10 da 12, kwalbar gilashi mai tsabta, guntun tiyo mai haske da ake ganin cikinsa, gwangwanin feshin wanke kafireta, tsumma, da wani faranti da za ka riƙa zuba ƙananan kaya a ciki. Ka yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, inji ya huce (ban da gwaje-gwajen da na ce a yi da zafinsa), babu sigari babu wuta a kusa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya yana rarrafe, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Kafin ka ɗauki sifana, ka lura da lokacin da yake mutuwa

Rabin aikin yana nan. Babur ba ya mutuwa haka kawai, kowace irin mutuwa da inda take nuni.

Idan a silo yake mutuwa, wato da ka saki totur a wurin tsayawa sai ya ɗauke, amma yana gudu lafiya in ka ba shi wuta, to hankalinka ya tafi kan ƙaramin jet na silo, wato ɗan bututun tagulla mai siririn rami da mai ke bi a cikin kafireta, ko iskar da ke kutsowa ta inda bai kamata ba. Idan sai da cok yake zama, wato abin da ake ja don ƙara wa inji mai lokacin tashi da sanyi, da ka mayar da cok sai ya mutu ko da inji ya yi ɗumi, mai ne ya yi masa kaɗan. Cok ɗin ne ke cike masa giɓin. Idan kuwa akasin haka ne, yana son tashi da sanyin safiya ba tare da cok ba, amma da ya yi zafi sai ya riƙa nauyi, salansa na fitar da baƙin hayaƙi da warin ɗanyen fetur, to mai ya yi yawa.

Wanda ke tafiya na 'yan mintuna ya shaƙe, ya huta ya sake tashi, mai ne ba ya isowa da saurin da inji ke sha. Wanda kuma ke ɗaukewa farat ɗaya kamar an kashe makulli, babu tari babu jan numfashi, wannan ya fi kama da matsalar wuta. Yunwar mai tana ba da sanarwa: inji zai rage ƙarfi, ya yi fizge-fizge, sannan ya mutu. Wuta ba ta sallama.

Ka tuna kuma abin da ya faru kafin ciwon ya fara. An sha sabon mai? An wanke babur ɗin da ruwa mai ƙarfi, ko ruwan sama ya dake shi? Ya yi watanni a ajiye? Fetur idan ya daɗe a kafireta, sashensa mai sauƙi yana tashi ya bar wani danƙo mai ruwan zuma da ke liƙe ramuka.

Raba wuta da mai

Da zarar ya mutu, tun bai huce ba, ka kwance fulogi da tsumma a hannunka. Dubi bakinsa. Launin ƙasa-ƙasa a bushe alama ce ta lafiya. Baƙi mai laushi kamar kunkunniya yana nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari fat yana nufin mai ya yi kaɗan, kuma wannan ya fi haɗari domin yana sa inji zafi fiye da kima. Idan a jiƙe yake da fetur, mai na zuwa amma ba ya ƙonewa. Idan ka yi ta buga kik kuma ka same shi a bushe ƙamas, mai bai iso ba ke nan.

Sai ka mayar da fulogin cikin hularsa, ka jingina ƙarfen jikinsa da jikin inji nesa da ramin da ya fito, ka buga. Tartsatsi shuɗi mai ƙara "tas-tas" shi ake nema. Ja-ja mai rauni, ko wanda ke zuwa yana ɗaukewa, ba shi da amfani a cikin inji inda matsi yake da yawa. Tazarar bakin fulogi a yawancin ƙananan babura tana tsakanin milimita 0.6 da 0.8. Idan wuta na nan da ƙarfinta, ka mayar da fulogi ka koma kan mai.

Murfin tanki, famfo da tiyo

Fara da gwajin da ba ya cin komai. Ka hau babur ɗin har ya mutu kamar yadda ya saba, nan take ka kai kunne kusa da tanki ka buɗe murfin. In ka ji "fuuu" na iska tana shiga, kuma bayan 'yan daƙiƙu babur ya tashi, ka kama ɓarawon. Dalili shi ne duk man da ya fita daga tanki, dole iska ta maye gurbinsa. In ramin iskar ya toshe, tankin zai riƙe man kamar yadda ruwa ke tsayawa a cikin tsinken shan lemo idan ka toshe samansa da yatsa. Wanke murfin da feshi, ka hura ramin har iska ta wuce. A wasu baburan wani siririn tiyo ne ke yin wannan aiki, ka duba ko ya lanƙwashe ko laka ta cika bakinsa.

Daga nan sai famfon mai da ke ƙarƙashin tanki. Rufe shi, ka zare tiyon daga jikin kafireta, ka sa bakinsa cikin kwalba, ka buɗe a kan ON. Mai ya kamata ya zubo a miƙe, cike da bakin tiyo, kuma ya ci gaba da haka. Kada ka gamsu da daƙiƙa biyar na farko, ka bar shi ya yi kamar rabin minti, domin famfon da ya toshe rabi yakan fara da ƙarfi sannan ya koma ɗigo. Juya zuwa RES, wato man ajiya na ƙasan tanki, ka sake gwadawa. A cikin tanki famfon yana da bututu biyu, dogo na ON da gajere na RES, kowanne da 'yar ragar tace datti. Idan ɗaya na zuba ɗaya ba ya zuba, ka san wanda ya toshe.

Akwai famfon da ba shi da OFF, sai ON da RES da PRI. Irin wannan da zuƙar inji yake buɗewa, ta wani siririn tiyo na biyu da ke zuwa daga wuyan kafireta. In inji ba ya aiki ba zai ba da mai a kan ON ba, kada ka ɗauka ya lalace. Ka gwada shi a PRI, inda mai ke zuba ko inji ba ya aiki. Idan babur ya daina mutuwa a PRI, to siririn tiyon ya tsage, ko robar da ke cikin famfon ta mutu.

Yanzu ɗaga kwalbar ka duba ta a haske, ka bar ta ta natsu na minti ɗaya. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi a gindin kwalba kamar ƙwallon gilashi yana gangarawa in ka karkata ta. Jan gari kuma tsatsar tanki ce. Duk wanda ka gani cikin biyun nan, wanke kafireta kaɗai ɓata lokaci ne, domin gobe tankin zai sake aiko mata da wani. Sai an sauke tanki, an juye man gaba ɗaya, an cire famfo. In tsatsar ba ta yi nisa ba, zuba kalanzir kaɗan da notuna cikin hannu guda, ka ƙirga su kafin ka zuba, ka girgiza sosai ta kowane gefe, ka juye, ka maimaita har abin da ke fitowa ya yi haske. Ka tabbata notunan sun fito cif yadda ka ƙirga, ka ɗauraye da fetur mai tsabta, ka bar shi ya bushe. Bayan haka ka sa 'yar matatar mai a tsakiyar tiyo, kibiyar da ke jikinta tana kallon kafireta. Ni a ganina duk babur da ya haura shekara goma ya cancanci wannan matatar ko da tankinsa na ƙyalli.

Tiyon kansa in ya yi tauri ko ya fara tsattsagewa, canza shi. Tsohon tiyo daga ciki yake ruɓewa, yana sakin ɓaɓɓakun ɓarɓashi da ke wucewa kai tsaye cikin kafireta.

Abubuwa biyu kafin a kwance kafireta

Na farko matatar iska. Ciro ta ka duba. In soso ce, wanke ta da kalanzir ko ruwan sabulu, ta bushe sarai, ka ɗiga mata man inji kaɗan ka matse har ya bazu ba tare da yana ɗiga ba. In ta takarda ce kuma ta yi baƙi, sabuwa za a saya. Inji na buƙatar iska kusan ninki goma sha biyar na nauyin man da yake ƙonawa, shi ya sa matatar da ta toshe ke sa fulogi baƙi. Kada kuma ka yi saitin kafireta babu matata a jiki, duk abin da ka saita zai canza da ka mayar da ita.

Na biyu robar da ta haɗa kafireta da inji. Shekaru da zafi suna busar da ita ta tsage, sau da yawa ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Alamarta ita ce silo marar tsayawa wuri ɗaya: ka saki totur inji ya ci gaba da ihu na ɗan lokaci kafin ya sauko, ko ya sauko ya wuce ya mutu. Ka tayar da babur, ka fesa feshin kafireta kaɗan kaɗan a kewayen robar, nesa da salansa. In ƙarar inji ta canza a daidai lokacin da feshin ya taɓa wani wuri, nan iska ke shiga. Wani lokaci ɗaure zoben da ya riƙe ta ya isa. In ta tsage, canji ne maganinta, gam ba ya daɗewa a wurin.

Cikin kafireta

A gindin kofin kafireta akwai sukurun zubar da mai. Rufe famfo, ka tara kwalba, ka sassauta shi. Abin da ya fito shi ne abin da injinka ke sha. Sau da yawa ɗigon ruwa biyu ne kawai a wurin, kuma zubar da su ya gama magana. Bar sukurun a buɗe ka buɗe famfo: in mai ya ci gaba da zuba da kyau, hanyar shigowa a buɗe take. In famfo na ba da mai amma nan ba ya fitowa, allurar fulot ta maƙale a rufe (fulot shi ne abin da ke yawo a kan mai a cikin kofi, yana tura allura ta rufe hanya in kofin ya cika). Ɗan ƙwanƙwasa kofin da bayan sukundireba yakan sake ta, amma wannan na kai ka gida ne kawai.

Idan ta kama a kwance, ɗauki hoto da waya kafin ka zare kowane tiyo. Sassauta zobba biyun da suka riƙe kafireta, ka kwance murfin sama ka zaro silaid, wato abin da totur ke ɗagawa ya buɗe hanyar iska, da doguwar allurarsa, ka rataye su inda ba za su taɓa ƙasa ba. Sukurorin kofin suna da laushi, kuma a kafiretocin Japan irin su Keihin da Mikuni kan sukurun ya ɗan bambanta da na sukundireban tauraro da aka saba. Ka danna da ƙarfi sosai kafin ka murɗa, in ba haka ba kan zai cinye ka shiga wani aikin.

Da ka buɗe kofi za ka ga fulot, da jet biyu na tagulla. Babban yana tsakiya. Ƙaramin, siriri mai tsawo, yana gefensa, wani lokaci a can cikin rami. Aikinsu a rabe yake. Daga silo zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na totur, ƙaramin jet ne ke ciyar da inji. Daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu doguwar allura ce ke iko. Babban jet sai an buɗe totur kusan duka yake karɓar ragama. Wannan ne ya sa babur zai iya gudu kamar iska a babban titi amma ya mutu a kowace mahaɗa: ramin ƙaramin jet bai kai rabin milimita ba, ƙwayar tsatsa ɗaya ta isa ta rufe shi.

Kwance ƙaramin jet ɗin da sukundireban da ya cika bakinsa daidai. Ɗaga shi sama ka leƙa ta ciki. Ya kamata ka ga ɗigon haske zagayayye tsaf. In hasken ya dushe, ko ya zama kamar jinjirin wata, akwai saura. Jiƙa shi a feshi, ka hura, ka sake leƙawa. In ya ƙi, zaro silin waya ɗaya daga cikin tsohuwar wayar lantarki ta jan ƙarfe, mai laushi, ka zura a hankali. Kada ka kusance shi da allurar ɗinki ko wayar ƙarfe. Tagulla ba ta da tauri, in ka faɗaɗa ramin ko da kaɗan ne, babur zai riƙa shan mai fiye da kima har sai ka sayi wani jet ɗin. Ka duba ƙananan ramukan da ke gefen jikinsa ma, da na bututun da babban jet ke ɗaure a kai.

Inda mutane da yawa ke tsayawa ke nan, kuma shi ya sa ake wanke kafireta sau uku ba a ga canji ba. Jet ƙofa ce kawai, bayanta akwai siririyar hanya a cikin jikin kafireta da ke ɓullowa a maƙogwaronta ta ɓangaren inji. Sa bakin tsinken feshi a ramin da ƙaramin jet ya fito, ka kare idonka, ka fesa. Dole ka ga feshin ya ɓullo ta ƙaramin rami a cikin maƙogwaro. In bai ɓullo ba, hanyar a toshe take, ko da jet ɗin na sheƙi.

Don wanke wannan hanya da kyau sai an cire sukurun haɗin iska da mai. Kafin ka cire shi, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya taɓa ƙarshe, ba tare da ka matse ba, ka rubuta adadin. Sannan ka fito da shi. A bayansa akwai sifirin, a wasu kuma har da ɗan zoben ƙarfe da zoben roba ƙanana ƙwarai, su ne suka fi ɓata.

Sai fulot. Ture fil ɗin da ya riƙe shi, ka ɗago shi tare da allurarsa. Girgiza shi kusa da kunne, in ka ji motsin ruwa a ciki ya huje, ba zai ƙara tasowa ya rufe mai ba. Dubi bakin allurar: in ka ga zobe ya kwanta a jikin tsininta kamar an ɗaura mata zare, ta ci, ita ce ke sa mai zuba ta tiyon ƙasa idan babur na tsaye. In kafiretarka mai faffaɗan murfi ce a sama, akwai robar da ke ɗaga silaid a ciki. Miƙa ta a gaban haske a hankali ka nemi huji, kuma kada feshi ya taɓa ta, yana kumbura roba.

Bayan ka haɗa komai ka mayar, ga yadda za ka san tsayin mai a kofi ba tare da ka sake buɗewa ba. Sa tiyo mai haske a bakin mazubar ƙasa, ka lanƙwasa shi sama a jikin kafireta, babur na tsaye a miƙe, ka buɗe famfo da sukurun zubarwa. Man zai hau cikin tiyo ya tsaya daidai inda yake a cikin kofi. A yawancin kafiretoci yana tsayawa ne dab da layin da kofi ya haɗu da jiki, ko ƙasa da shi kaɗan. In ya yi ƙasa sosai inji zai ji yunwa, in ya haura layin zai riƙa ambaliya. Ana gyarawa ta lanƙwasa ɗan harshen ƙarfen da ke danna allura, kaɗan ƙwarai a kowane karo. Fulot ɗin da gaba ɗayansa roba ne ba ya lanƙwasuwa, sai canji.

Saita silo

Mayar da sukurun haɗi a adadin da ka rubuta. In wani ya riga ya dagula shi, fara daga zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu daga rufe. Tayar da babur ka yi tafiyar minti goma ya yi zafi sosai, cok a kashe. Saitin da aka yi da inji mai sanyi ba ya zama.

Ɗan ɗaga silo da babban sukurun da ke tura silaid. Sai ka riƙa juya sukurun haɗi kwata-kwatan zagaye, kana jira 'yan daƙiƙu bayan kowane juyi, kana saurare. Ta wani ɓangaren ƙarar za ta ragu, ta ɗayan za ta ƙaru har ta kai ƙololuwa ta fara sauka. A ƙololuwar za ka tsaya. Ka san kuma irin sukurun da ke gabanka: in yana ɓangaren matatar iska, na iska ne, fito da shi rage mai ne. In yana ɓangaren inji, na mai ne, fito da shi ƙara mai ne. Daga nan ka sauke silo zuwa inda inji ke bugawa a natse, wajen zagaye 1,300 zuwa 1,500 a minti ga yawancin ƙananan injuna masu fistin ɗaya. Murɗa totur ka saki: ya amsa nan take, ya dawo ya zauna. Idan sai ka fito da sukurun mai fiye da zagaye uku kafin inji ya daidaita, ko kuma juya shi ba ya canza komai, hanyar silo ba ta wanku ba, ko har yanzu iska na kutsowa ta wani wuri.

In mai ya wanke kansa amma babur bai daina ba

Saura abubuwa kaɗan da ke kwaikwayon ciwon mai. Bawul da ya matse yana sa babur wuyar tashi, ya kuma mutu a silo da zarar ya yi zafi, domin zafi na sa ƙarfe ya ƙara tsawo, sai bawul ɗin ya daina rufuwa ruf. Ana auna tazararsa da inji a sanyaye, kuma a ƙananan babura da yawa tana tsakanin milimita 0.05 da 0.10, amma ka bi adadin da aka rubuta wa naka samfurin. Kwayil, wato abin da ke aika wa fulogi wuta, idan ya tsufa yakan ba da wuta da sanyi ya ɗauke da zafi, shi ya sa na ce a gwada tartsatsi nan take bayan mutuwa. A baburan da wutar fulogi ke dogara da batir, ka auna shi: wajen bolt 12.6 a tsaye, 13.5 zuwa 14.5 in inji na gudu. Ka girgiza wayoyin makulli da na maɓallin kashewa yayin da inji ke silo, ka ga ko zai yi tuntuɓe, haka ma makunnin da ke jikin jakin gefe in babur ɗinka na da shi. In kuma injin mai shan haɗin fetur da baƙin mai ne, salansar da gawayi ya cushe da robobin gefen kiransha da suka sake duk suna kashe silo.

Idan ka gama, sa fulogi mai tsabta ka yi tafiyar kamar kilomita goma sha biyar a irin hanyar da ya saba mutuwa, da tsayawa da tashi da hawan tudu. Ka dawo ka kwance fulogin ka duba launinsa, ka sake tara kwalba a gindin kafireta ka ga ko wani sabon datti ya sauko. In kuma za ka ajiye babur ɗin fiye da mako biyu ko uku, rufe famfo, ka sassauta sukurun ƙasa kofin ya tsiyaye sarai kafin ka rufe shi.